"Baki shi ke yanka wuya": nasiha ce ko barazana?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Jiya a huɗuba liman ya ja kunnen matasa kan rubuce-rubucen Facebook, ya ce baki shi ke yanka wuya. Muna fitowa musu ya ɓarke tsakanina da yayana har muka tara mutane wajen mai rake. Shi wai nasiha ce, ni ko na ce baki ai ba ya riƙe wuƙa, akwai mai wuƙar, don me karin maganar ta ɓoye shi?

Malamar Islamiyya: Wa alaikumus salam. Ɗana, liman bai yi laifi ba, magana zarar bunu ce. Wanda ya yi wa matar aure ƙazafi a TikTok har aurenta ya mutu sai a ƙyale shi don 'yanci? A Ruwanda a 1994 gidan rediyo ne ya dinga kiran mutane kyankyasai kafin a ɗauki adda.

Bakatsine: Malama Allah ya ƙara lafiya, amma wa ake kamawa? mai ƙazafin yana nan yana shan iska, wanda ya ɗauki hoton kwatar unguwarsu shi ake zuwa wa da Hilux ƙarfe biyun dare a ce sashe na 24 na dokar laifukan intanet. A 2021 wata bakwai aka rufe mana Twitter bayan an goge rubutun mutum ɗaya tal, kowa ya koma VPN.

Jikar Inna: Kun tuna min da kakata Allah ya jiƙanta. Zamanin En'e dagacin garinsu ya karɓi jangali sau biyu a shekara guda, har da karsanar da aka ba ta gudummawar aure. Ita kuwa in ta durƙusa gaban dutsen niƙa da asuba sai ta saki waƙa, wai akwai wani bunsuru mai rawani da ba ya ƙoshi. Kafin sati yara sun ɗauka, 'yan mata na yi a dandali. Aka aiko dogari da bulala, ya tsaya a zaure ya ce wa take nufi, ta leƙo ta ce Malam da bunsurun gidan nan nake, in akwai wani mai rawani a garin nan kai ka san shi. Dogari ya rasa ta cewa. Sai aka yi shela an hana waƙa a bakin niƙa. To matan gari suka yi shiru da baki suka koma lugude, taɓare na faɗuwa cikin turmi daidai da kiɗan waƙar, gida ya ɗauka gida ya amsa, ba wanda ya furta kalma ɗaya amma ko jariri ya san abin da turmi ke cewa. Inna ta ce dagacin sai da ya daina bi ta layinsu.

Bakatsine: Hhhh da yanzu ne an gurfanar da turmin, a hana shi beli.

Ɗan Maraɗi: Nan wajenmu tun Agustan 2023 aka dakatar da RFI da France 24, kuma wallahi da yawa murna suka yi. Da aka tsayar da BBC wata uku a Disamban 2024 ne babana ya kakkaɓe tsohuwar rediyonsa yana laluben gajeren zango.

Mai Shayi: Mu dai honorabul ɗinmu wuyansa lafiya ƙalau, shekara uku bai ce uffan ba a majalisa. Bakin nasa na ci ne.

Malamar Islamiyya: Kun ga irinta ko, yanzu kun koma cin naman mutane.

Ɗan Fagge: Har yanzu fa ba a amsa min ba. Kuma yayana na karantawa, wai in tambayi Jikar Inna ko an dawo da karsanar.

Jikar Inna: Ina! Ai an yanka ta tun a sallar layya.