Akwatin haƙa na yara a gidan tarihi: yaya ake shirya shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙaramin gidan tarihi ne zai baje kolin kayan da aka tono a kufai: tsingaro, dutsen niƙa, kashin maƙera da 'yan kayan ƙarfe da tagulla. Ana so 'yan makaranta su gwada haƙa, su kuma taɓa kaya. Yaya za a tsara abin kada a yi ɓarna?

Malamar Kufai: Wa alaikumus salam. Malam, a haɗa akwati mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, zurfin santimita 30. A shimfiɗa ƙasa hawa uku masu launi daban, kowane hawa santimita 10, abin da ya fi tsufa a can ƙasa. Yashi zalla ba ya yi, zubewa yake ya cakuɗa hawan. A gauraya shi da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daddale. Da igiya da ƙusa a raba saman gida huɗu, yaro ɗaya a kowane gida, da cokalin gini da buroshi da rariya.

Dokar da ba a sassautawa: ba a ɗaga komai sai an zana shi a inda yake, an auna zurfinsa, an sa masa lamba a leda. A ware minti 20 na ƙarshe yaran su faɗi abin da suka gano: nan murhu ne ko juji, me ya riga me? In aka tsallake wannan, an koya musu farautar dukiya ne kawai, gobe su je su tone kufai na gaskiya. Abin da za a binne ya zama kwaikwayo ko fasassun tukwanen yanzu.

Mai Adana Kaya: Ƙarfe da tagulla kada su fita daga gilashi. Gishirin da suka sha a ƙasa, da ya haɗu da danshi sai tsatsa ta farfasa ƙarfen, tagulla kuma ta fitar da koriyar hoda mai cin jikinta. Ƙarfe na son danshi ƙasa da kashi 15 cikin 100, tagulla ƙasa da 40, a rufaffen akwati da silika, wato ƙwayoyin da ke tsotse danshi. Katakon filawud da sabon fenti suna fitar da tururi mai cin ƙarfe, a guje su. Na taɓawa kuwa, a kan gajeren tebur mai shimfiɗar soso, hannu biyu, ba a ɗaukar tukunya ta baki.

Mai tambaya: Na gode. Tsingaro na ainihi fa?

Malamar Kufai: Wanda aka tsinta a sarari, ba a san hawan da ya fito ba, za a iya ba yaran, amma a ƙirga kafin darasi da bayansa. Sannan Malam, takardar bayanin kayan da aka baje kada ta wuce kalma 50, da harshen mutanen wurin, ban da ambaton daraja a kuɗi ko ainihin inda kufan yake. A gayyaci masu ginin tukwane da maƙera, sukan gane yadda aka yi abu daga guntunsa guda. Manya kuma a faɗa musu ƙarara: wanda ya ci karo da abu a gona ya bar shi a wurin, ya ɗau hoto da wani abu kusa don a gane girmansa, ya sanar da gidan tarihi.