Tsohuwar Honda ta: in gyara ko in rabu da ita?

Baban Khadija, Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan maganar nan ta hana ni barci. Ina da Honda Accord ƙirar 2004, wadda ake ce wa EOD, mai silinda huɗu. A 2014 na saye ta, 'yar Kwatano ce, kuma da ita na kai uwargida asibiti haihuwar yaranmu uku. Makon jiya muna hanyar Bauchi zuwa biki, gab da Alƙaleri, na rage gudu zan kauce wa rami, sai na ji ƙaf, motar ta durƙusa. Tayar gaba ta dama ta kwanta a ƙarƙashinta, wai boljoyin, ƙarfen da ke riƙe taya da ƙafar mota, ne ya tsinke. Allah Ya kiyaye, da a guje nake da yanzu wani labarin ake yi. Mun yini a gindin wata bishiyar maina, yara na kuka, kafin a kawo bakanike.

Ga shi kuma ta fara shan baƙin mai, duk sati biyu sai na ƙara lita ɗaya, da safe tana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Bakanikena ya ce gyaran ƙafa da ringin inji zai ci wajen dubu 700. Wani dillali ya nuna mini Corolla 2010 ta hannu a miliyan 7, ya ce zai karɓi tawa a miliyan biyu da rabi. Abin da ke hannuna miliyan 2 ne, sauran sai bashin banki a riƙa cira daga albashi. Uwargida ta ce ita da motar nan har abada. Ni kuma wallahi zuciyata ba ta son rabuwa da ita. Me kuka gani?

Oga na gareji, Bauchi

Wa alaikumus salam Malam, barka da arziki. Shekarata 22 ina kwanciya a ƙarƙashin mota, don haka ji da kyau. Boljoyin ɗin ƙasa shi ne ciwon wannan Hondar, kowa ya sani, amma ba ya tsinkewa bai yi gargaɗi ba. Sai ya yi makonni yana ƙara idan ka juya sitiyari ko ka hau tudu. Robar da ke rufe shi ce ke yagewa, giris ya fita, ƙasa ta shiga ta cinye shi. Canja na hagu da na dama a tare, ka sayi na asali, kada ka yarda da mai arhar nan, kuma duk juyen mai ka sa a ɗaga motar a girgiza tayar.

Kafin ka ba kowa izinin buɗe injin, a fara gwada ƙarfin kowace silinda. Wani lokacin ba ringi ba ne, 'yan robobin bawul ne suka bushe, musamman tunda ka ce da safe take hayaƙin. Wannan aikin bai kai rabin wancan kuɗin ba. Injin nan sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, yana da ƙarko idan bai taɓa tafasa ya ƙona gaskit ba.

Abu biyu ne kawai za su sa in ce ka sayar: idan giya ta fara fizga ko jinkirin shiga, ko kuma tsatsa ta ci ƙasan bodi. In waɗannan lafiya lau suke, riƙe abarka.

Maman Sadiq, Federal Lowcost

Yayana, ni dai na ji abin da Oga ya faɗa, amma shi ƙarfe yake dubawa, ni matarka nake dubawa. Macen da ta ga taya ta fita da 'ya'yanta a ciki, ko an gyara, duk ramin da kuka faɗa sai gabanta ya faɗi. Na yi shekara biyu ina fama da tsohuwar Golf, yau rewaya, gobe lagireto, jibi kuloci. Kuɗin gyaran bai dame ni kamar yinin da nake yi a gareji ba, da kuɗin Keke Napep na kai yara makaranta. Ranar da na sayar da ita na yi barci mai daɗi. Kada ka raina tsoronta.

Alhaji na Jekadafari

Ƙanina, wannan Corollar da kake kira sabuwa shekara shida kacal taka ta ba ta, kuma ba ka san hannun da ta bi ba. Taka ka san ciwonta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500, kuɗin mota ya ninka, albashi bai bi shi ba. Mutanen da a da suke sayar da mota don sun gaji da ita, yanzu sai ta gaji da su suke sakinta. Ni na taɓa saye, fenti na ƙyalli, mita an mayar da ita baya, bayan wata biyu giya ta zube. Idan ka dage sai ka saya, je da bakanikenka ba na dillali ba, ka kuma tantance takardun kwastan da lambar bodi, don a 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, kuma masu fasa-ƙwauri ba su daina ba. Bashin banki da ruwa a kan abin da kullum ƙara tsufa yake, wannan ban ba ɗan uwana shawararsa ba.

Baban Khadija, Tudun Wada, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Oga, gaskiyarka, ta yi wajen wata guda tana wannan ƙarar, ni na riƙa cewa sai albashi ya shigo. Giya kuwa lafiyarta ƙalau. Ranar Asabar zan kai a gwada silindar. Maman Sadiq, na karanta wa uwargida saƙonki, ta ce ki sha kuruminki ta ji daɗi. Mun yi da ita cewa za ta bi ni gareji ta ga an sa sababbin boljoyin da idonta, sannan in yi wata guda ina hawa ni kaɗai kafin yara su shiga. Oga, a Bauchi ake samun na asalin, ko sai na aika Kano?