Wata uku ya isa shirin LSAT ko kuwa?

Abba: Salam 'yan uwa. Ni fa ina nan kan bakana, wata uku ya ishi mutum shirya wa LSAT, jarabawar nan ta shiga makarantar lauyoyi a Amurka da Kanada. Ba haddar dokoki ake ba, ba lissafi, karatu ne da tunani kawai. Duk mai cewa sai shekara tsoro ne kawai ke damunsa

Anti Hauwa: Abba kai dai akwai ka da cika baki wallahi. Wata uku ga wa? Ga wanda yake zaune gida ba aiki ba yara ko ga irinmu da sai ƙarfe shida muke tashi daga ofis? Ni sai da na yi wata bakwai kuma ban yi nadama ba

Abba: Anti ai ke kin yi ta ne lokacin da akwai sashen wasan lojik ɗin nan na zane-zane, wane zai zauna kusa da wane, wa zai zo kafin wa. Tun Agustan 2024 an cire shi. Yanzu abin da ake ba maki sashe biyu ne na auna hujja da ɗaya na fahimtar rubutu, sai na huɗu na gwaji wanda ba ya shiga lissafi. Aiki ya ragu kenan

Barista: Ƙanina a nan fa ka yi kuskure. Wancan sashen da aka cire shi ne wanda mutum ke iya koyo da sauri, in ka gane dabarar zanen, maki na hawa nan da nan. Abin da ya rage shi ne mai taurin kai. Ka karanta dogayen rubutu huɗu kan kimiyya da shari'a da tarihi, ka amsa tambaya wajen 27 cikin minti 35, kuma da Turancin da ba da shi aka haife mu ba, wannan ba a gina shi a sati goma sha biyu sai dai in da ma can kai mai yawan karatu ne

Nafisa: ni tambayata ma daban, wai dole ne sai na yi ta? ina da LLB ɗina, digirin farko na lauya, na gama makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda an kira ni bar, wato na zama cikakkiyar lauya

Barista: In LLM kike so, digiri na biyu na lauya na shekara ɗaya, galibi ba sa neman LSAT, Nafisa. JD, digirin zama lauya a can na shekara uku, shi ne ke buƙatarta, kuma wasu makarantun ma suna karɓar GRE, jarabawar shiga karatun gaba da digirin farko, a madadinta

Nafisa: alhamdulillah na huta 😂

Sadiq: Ni abin da ke ban haushi da muhawarar nan kowa na ƙirga wata ba wanda ya ce daga ina ka taso kuma ina za ka. Makin daga 120 ne zuwa 180, tsakiyar masu rubutawa wajen 150 da ɗan abu. Wanda ya yi gwajin farko ba shiri ya samu 160 yana neman 165, da wanda ya samu 142 yana hangen Harvard inda ake maganar 170 da ɗoriya, ai ba tafiya ɗaya ba ce. Ku shiga LawHub, shafin intanet na masu shirya LSAT, akwai tsofaffin jarabawa kyauta, ku sa agogo ku yi ɗaya tukuna sannan a zo a yi musu

Anti Hauwa: Sadiq ka biya ni. Ni farkon gwajina kunya ma ba za ta bar ni in faɗi makin ba, kuma ba wai ban iya amsawa ba ne, lokaci ne ke ƙare min ina tambaya ta goma sha takwas

Abba: To ai in ba ta yi kyau ba sai a sake

Barista: Sakewa ba kyauta ba ce, da dala ake biya, ka san abin da dala ke yi wa naira. Kuma akwai iyaka, sau bakwai kacal a rayuwa, makarantu kuma suna ganin duk makin da ka samu cikin shekara biyar

Sadiq: Amma fa Barista shekara guda ma tana da nata sharrin, mutum ya cinye duk tsofaffin tambayoyin ya gaji ya fara manta abin da ya koya

Abba: Yauwa! ka ga ni

Sadiq: ban ce wata uku ba malam, kar ka ja ni ɓangarenka. Kai nawa ka samu a gwajin farko?

Abba: ban yi ba tukuna, ranar Asabar insha Allah

Anti Hauwa: 🤣🤣 Allah ya kai mu Asabar ɗin, ka turo mana makin nan kowa ya gani