Don Allah ku ba ni shawara, gishirin dakana ya yi ɗaci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekararmu biyu a Skopje, babban birnin Masedoniya ta Arewa, aiki ne ya kawo maigidana. Da muka zo ban san kowa ba, sanyi kamar zai kashe ni, ga ƙaramin ciki. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta riƙe ni kamar 'yarta, har ta zauna da ni ranar da na haihu. Ita ta ba ni wata kwalba ta abin da suke kira k'cana sol, wato dakakken gishiri. Soyayyar masara ce ake dakawa da busasshen barkono da ganyayyakin ƙamshi da gishiri, a barbaɗa a burodi da ɗan mai, ko a dafaffen ƙwai. Yanzu an sallamo ta daga asibiti, hannunta ba ya iya daka, kuma nata ya ƙare. Na ce zan yi mata kafin Asabar. Sau biyu ina yi da blenda, yana fitowa da ɗaci da ƙauri, jiya kuma na tarar ya dunƙule a kwalba. Wallahi har kuka na yi.

Hajiya daga Zariya: Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan ai yaji ne, kada sunan ya ruɗe ki. Shekara 30 ina daka yajin jego. Ki bar masarar nan, ki sa ƙuliƙuli da citta da kanumfari da masoro. Ƙuli shi ke kashe ɗaci.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, amma ba yajinmu take so ba, na garinsu take marmari. Ƙuli ma babu a nan.

Wata daga Maraɗi: Kin faɗi tarihi amma ba ki faɗi yadda kika soya ba. Tare kika zuba su a kasko?

Mai tambaya: E, tare na zuba, masara da barkono da na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Na ga duk soyawa ake yi.

Ta Maraɗi: To ga ɗacin nan. Jan barkono yana da zaƙi a jikinsa, yana ganin wuta ya ƙone, tun masara ba ta ji komai ba. Ki soya masarar ita kaɗai a ƙaramar wuta har ta yi ja, ta huce. Ganye kada ya ga kasko ko kaɗan. Kuma in kin rufe shi da ɗumi, gumi zai yi, gishiri ya sha, ya dunƙule.

Hajiya: Ba haka ba ne. Barkonon da bai ga wuta ba ba ya ƙamshi. Blenda ce ta cuce ta. Yaran yanzu ba sa son turmi. Surukata ma haka ta lalata min yajin da zan kai Saudiyya, na yi magana ɗana ya ce na takura mata. Har yau ba ta gaishe ni da kyau.

Wata amarya: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, amma mu ma muna gani. Tawa uwar mijin ko ruwa na dafa sai ta ce ya yi gishiri.

Wani ɗalibi a Bitola, wani birni a Masedoniyar: Anti, wane barkono kika sa? Ki nemi bukovec a kasuwa, sunansa daga ƙauyen Bukovo ne kusa da mu. A bushe yake, an riga an farfasa shi, ba ya buƙatar wuta.

Mai tambaya: Wanda na zo da shi daga Kano na sa, shi na saba da shi, kuma mai kyau ne. Blenda kuwa dole ce, a bene muke, in na yi daka na ƙasa za su buga ƙofa.

Ta Maraɗi: Me zai hana ki tambayi tsohuwar? Kowane gida da nasa haɗin.

Mai tambaya: So nake ta gani kawai a hannuna. In na tambaya za ta ce in bar wahala.

Hajiya: Ni dai na faɗa miki, ƙuli da turmi.

Mai tambaya: Masarar da ta rage kofi ɗaya ce. In sake gwadawa da ita yau, ko in jira gobe in je kasuwa?