Muna son taimaka wa iyayen jarirai bakwaini a Makka, ta ina za mu fara?

Ɗalibar Sanawiyya, Makka

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekarata 16, kuma ni ma bakwaini aka haife ni, shi ya sa nake so awannin aikin sa kai da makaranta ke nema a wurinmu su tafi wajen jarirai bakwaini da iyayensu, musamman Hausawanmu na Shari' Mansur da Hindawiyya. Mu shida ne da ƙawayena, biyu sun iya saƙa, ɗaya akwai keken ɗinki a gidansu. Za a bar mu mu shiga ɗakin kwalba mu riƙa ɗaukar jarirai? Me iyayen suka fi buƙata? Kuma babu laifi mu tara kuɗi a guruf ɗin WhatsApp na unguwa?

Anti Nas, Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi albarka. Maganar shiga ɗakin kwalba, wanda Larabawa ke kira hadana, ki cire ta daga ranki tun yanzu. Galibi uwa da uba kaɗai ake bari, su ma sai sun cire zobe da agogo sun wanke hannu har gwiwar hannu. Murar da ke za ki yi kwana uku da ita ki warke, ita ce za ta mayar da jaririn da aka haifa a mako 29 na ciki kan na'urar numfashi.

Duk wanda aka haifa kafin cikar mako 37 bakwaini ne, amma suna hawa-hawa. Na mako 32 zuwa 37 sau da yawa ba sa daɗewa. Na 28 zuwa 32 sukan yi makonni. Na ƙasa da 28 kuwa zama ne na watanni, kusan har ranar da da ma aka sa ran haihuwarsu. Uwa dai kwana biyu ko uku ake sallamarta, ta koma gida, wata ma da ɗinkin tiyata, ɗa yana asibiti. A wannan tazarar ta tsakanin gida da asibiti aikinku yake, kuma babban abin da ke lalacewa a cikinta shi ne nono.

Bakwaini ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako 34, don haka ta siririn bututu ake ba shi nonon da uwarsa ta tatsa. Nonon uwa na rage haɗarin wata muguwar cutar hanji da ke kama ƙananan bakwaini, wadda kan kai ga yanke hanji. Ana so ta fara tatsa cikin awanni shida na farko, ta riƙa yi aƙalla sau 8 a awa 24, har da sau ɗaya cikin dare. Wadda ta ce bari ta huta sai an sallamo yaro, kafin nan ruwan ya ja baya. Dakashin farko, ko ɗigo biyar ne, a zuƙe shi da sirinji a kai, kada a zubar.

Abin da za ku haɗa wa kowace uwa: ƙaramar jakar sanyi, fakitin ƙanƙara biyu, takardar liƙawa da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Mazubin nono ku bari ta karɓa a asibiti, don da yawa nasu kawai suke yarda da shi. A kowane mazubi a rubuta sunan jariri da lambar fayil da rana da awar da aka tatsa. Wanda ba rubutu zubar da shi ake yi, duk wahalar da aka sha. Ƙa'idar gida ita ce awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firji, amma ɗakin kwalba ya fi tsanani, wasu awa 48 suke bayarwa, sai a tambaya. A ajiye shi can cikin firji, ba a jikin ƙofa ba. Kuma a zafin Makka mazubi a leda cikin mota ko na rabin awa ne caca ce. Wanda ya daskare aka narkar, a yi amfani da shi cikin awa 24, ba a sake daskarar da shi, ba a kuma ɗumama shi a makirowef.

Inna Mai Saƙa, Makka

'Yata, masu saƙarku su saurara. Kuskuren kowa shi ne hular da za ta shiga kan ɗan wata uku. Ku auna da tef: kewayen kan jaririn mako 28 wajen santimita 25 zuwa 26 ne, na mako 32 wajen 29 zuwa 30, na mako 36 wajen 32 zuwa 33. Ku rage santimita ɗaya ko biyu saboda saƙa na buɗewa. Kwatanta da lemon zaƙi babba, kan ƙaramin cikinsu bai fi haka ba sosai.

Zaren auduga zalla mai laushi za ku saya, ban da mai gashi-gashi, don zarensa na shiga hanci. Saƙar ta zama a matse, ramin da ɗan yatsa zai shige ya yi yawa. Ban da maɓalli, ban da duwatsun ado, ban da ribon, ban da tuntu a ka. Bakin zare a soke shi ciki da allura, ƙulli na kurje fata, fatarsu kuwa ba ta da kauri. In an gama a wanke a ruwa mai zafin digiri 60 da sabulun da ba ƙamshi, a shanya ya bushe ƙarau, a sa kowace a ledarta a rubuta girman. Na san halinmu, kada wadda ta ce za ta turara su da turaren wuta don su yi daɗi.

Mai keke kuma ta yanka ƙyallen auduga santimita 12 kowane gefe, bibbiyu. Uwa ta sa ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a ajiye kusa da jariri, a riƙa musanyawa, shi yana jin ƙanshinta, ita tana jin nasa lokacin tatsa. Amma kafin ku sayi zare ko ƙulli ɗaya, wata babba ta je ta tambayi shugabar nas-nas ɗin sashen ko suna karɓar kayan hannu. Wasu ba sa karɓa sam. In haka ne sai ku ba iyaye, su yi amfani da su bayan sallama.

Ungozoma, Madina

Yaya Mai Saƙa ta yi bayani, sai dai ni da za a bi tawa, hula ta zo ta biyu. Zanen goyon ƙirji shi ne kan gaba. Wannan goyo, da ake kira na kangaru, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Binciken da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Najeriya da Ghana da Malawi da Tanzaniya da Indiya kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwa da kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin sa awa 8 zuwa 24 a rana.

Matanmu gwanayen goyo ne, amma na baya, kuma a nan ake samun matsala. Wannan a gaba ake yi, fata da fata. Jariri daga shi sai famfas da hula da safa. A tsayar da shi tsakanin nonuwa, ƙirjinsa a kan na uwa, kai ya juya gefe ɗaya, haɓa a ɗan ɗage, ƙafafu a lanƙwashe a buɗe. Ƙyallen mita ɗaya kowane gefe ya isa, a ninke shi kusurwa zuwa kusurwa. Bakinsa na sama ya tsaya daidai ƙasan kunnen jariri. In ya yi ƙasa kai zai faɗo, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar iska ta toshe. Matsin ya zama a kan ƙirji, a bar ciki ya sake, domin da ciki suke numfashi. Kada zama ɗaya ya gaza awa guda, ɗauka da saukewa na gajiyar da su. Uba ma yana yi, kaka ma tana yi. Nas ce za ta koya wa uwa karon farko, ku naku ɗinki ne.

Sai abin da ba a saye da kuɗi. Uwar da za ta zauna awa takwas da ɗa a ƙirji ba ta da hannun girki. Ku raba kwanaki: wannan ta kai abinci, wannan ta yi wa yayyen jariri bitar karatu, wannan ta kwashe wanki. Duk mai tari ko mura a cikinku ta zauna gida.

Ranar da aka sallamo yaro kuwa, ku taya uwar tsare ƙofa, don ita kunya ba za ta bar ta ta hana 'yan barka ɗauka ba. Rubutu mai ladabi da Hausa da Larabci a bakin ɗaki yana aiki: a wanke hannu, ba ɗauka, ba sumba, ba turare. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kada ya sauka ƙasa da digiri 25, kada kuma iskarsa ta riƙa bugun shimfiɗar. Zafin jikin jariri a hammata 36.5 zuwa 37.5 ake so, don haka ma'aunin zafi ya shiga jakar da za ku haɗa. Barci a rigingine, a shimfiɗarsa, ba matashi. Ba zuma kafin shekara ɗaya, ba jiƙo, ba ruwa, ba kwalli, wanzami kuma kada ya taɓa masa beli. In numfashi ya wuce 60 a minti, ko ya ɗauke na daƙiƙa 20, ko leɓe ya yi shuɗi, ko ya ƙi shan nono, ko jiki ya yi sanyi goyo bai ɗumama shi ba, a kira 997, lambar motar asibiti. Tambayar da ba ta gaggawa ba kuma 937, layin Ma'aikatar Lafiya.

Malamin Makaranta, Makka

'Yata, tambayarki ta uku ce ta sa na sa baki. Kada ku tara kuɗi, ko a WhatsApp ko a hannu. A ƙasar nan tara gudummawa ba da lasisi ba laifi ne, kuma asusun da kuɗin suka shiga mai shi ne zai amsa tambaya, wato mahaifinki ko yayanki. Wanda ya so ba da kuɗi ki nuna masa dandalin Ehsan na gwamnati na karɓar sadaka ko wata ƙungiyar agaji mai rajista. Wanda ya so taimaka muku kai tsaye ya sayo zaren ko yadin da kansa ya kawo.

Awanni 40 na aikin sa kai da tsarin Masarat na makarantun sakandare ke nema kuma ba a lissafa su don kawai kun yi aiki. Ku je wurin malamar da ke kula da aikin sa kai a makarantarku tun kafin ku fara, ita za ta san yadda za a shigar da shi ta dandalin aikin sa kai na ƙasa. In kun gama sannan kuka je, zai yi wuya a ƙirga muku.

Abu na ƙarshe, tunda an yi maganar nono. Za ku ji wata ta ce nata ya yi yawa, a kai wa wance. Kada ku zama 'yan aiken wannan. Ta fuskar lafiya, nonon da ba a gwada ba yana ɗaukar cuta. Ta fuskar shari'a, shayarwa na haramta aure, kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi ko kaɗan ne ya isa ciki ya haramta, ba sai an kai sau biyar ba kamar wurin Shafi'iyya da Hambaliyya. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa bankin nono saboda gudun cakuɗewar nasaba. In buƙata ta kama, magana ce ta likita da iyayen gida biyu, a san wa ta shayar da wa, a rubuta. Hoton jariri ko na uwa kuma kada ya hau wayarku, ko da niyyar jawo masu taimako ne.

Ɗalibar Sanawiyya, Makka

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Za mu fara da zanen goyo da jakar sanyi. Ni da ban iya saƙa ba amma na iya Larabci da Hausa, akwai abin da zan riƙe?

Anti Nas, Jidda

Akwai, kuma ya fi hula nauyi. Ki zauna da uwa da takardar sallama, da izininta, ki karanta mata da Hausa, ki sa mata ranakun komawa asibiti a waya. Wadda ba a wasa da ita ita ce ta likitan ido. Jaririn da aka haifa wajen mako 30 ko ƙasa, ko nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, jijiyoyin bayan idonsa na iya tsirowa a karkace. Daga waje ido lafiya lau, uwa ba za ta ga komai ba, jinkirin mako biyu kuma na iya jawo makanta, alhali in an kama da wuri ana magance shi. Sai gwajin ji, sai awon nauyi.

Ki kuma koya musu lissafin shekaru iri biyu, don yana rikita mutane. Rigakafi da ranar haihuwa ake bi, ba a jinkirta shi don yaro ƙarami ne sai in likita ya ce. Zama da rarrafe da tafiya kuwa ana cire makonnin da ya yi gaggawa, har ya kai shekara biyu. Wanda aka haifa a mako 32 ya riga lokaci da mako 8, don haka in ya cika wata shida, abin ɗan wata huɗu ake nema a wurinsa. Magani dai ko na ɗigo ne kada ki fassara adadinsa da ka, ki sa nas ta nuna wa uwar a jikin sirinji kafin su bar asibiti.