Haɗin ƙarfe biyu: shin na cikin dutsen guga da na asibiti abu ɗaya ne?

Mai Gyaran Guga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Sana'ata gyaran kayan wuta ce, musamman dutsen guga da butar lantarki, kuma kusan kullum ina cin karo da wani ɗan siririn ƙarfe a cikinsu wanda yake lanƙwashewa ya yanke wuta idan ya ɗauki zafi, sannan ya miƙe idan ya huce. Maigidan da ya koya mini aiki ya ce ƙarfe biyu ne aka manne baya da baya, amma bai taɓa faɗa mini dalilin lanƙwashewar ba. Kwanan nan kuma ƙanwata da take karatun jinya ta ce har a asibiti ana sanya wa mutane kayan da aka yi da haɗin ƙarfe biyu a cikin jiki. Shin dabara ɗaya ce, ko kuwa suna ne kawai ya zo ɗaya? Ina roƙon masana su warware mini.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Maigidanka ya faɗi gaskiya, dalilin kuwa shi ne kowane ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya yi zafi, amma ba daidai suke ƙarawa ba. Idan ka ɗauki sandar tagulla mai tsawon mita ɗaya ka ƙara mata zafi da digiri 100, za ta ƙaru da kusan milimita 1.9, alhali sandar baƙin ƙarfe mai wannan tsawon ba za ta wuce kusan milimita 1.2 ba. To, da yake an manne su, ɗaya ba zai iya zamewa ya bar ɗan'uwansa ba, sai tilas su lanƙwashe zuwa ɓangaren wanda bai ƙaru sosai ba, kuma wannan ɗan motsin ne yake raba bakin waya ya kashe wuta.

Dabarar ta girmi wutar lantarkin gida nesa ba kusa ba. Ana jingina ta ga John Harrison, maƙerin agogo ɗan Ingila, wanda ya sanya ta a agogonsa na uku na jirgin ruwa da ya kammala a 1759, domin sauyin zafi da sanyi a teku kada ya ɓata lissafin lokaci. Daga baya, a 1896, Charles Édouard Guillaume ya gano Invar, garwayen baƙin ƙarfe da nikel kashi 36 cikin ɗari, wanda da ƙyar yake motsawa da zafi. Wannan binciken ya ba shi kyautar Nobel a 1920, kuma yawancin irin ƙarfen da kake gani yau Invar ne a gefe ɗaya. Irinsa ne a cikin burekar da take faɗuwa idan kaya sun yi wa layi yawa. Akwai kuma mannewar da ba ta da alaƙa da zafi, kamar zarton yankan ƙarfe da ake yi wa haƙora da ƙarfe mai tauri, bayansa kuma da mai sassauci don kada ya karye.

Malamar Koyar da Jinya ta amsa:

Ɗan'uwa, ƙanwarka ba ta yi kuskure ba, sai dai abin da take nufi ya sha bamban da naka. A dutsen guga ƙarafan biyu suna nan kowanne da zubinsa, ana iya nuna iyakarsu da yatsa. Wanda muka fi sani a asibiti kuwa narka su aka yi suka zama abu guda, sunansa nitinol, nikel da titaniyom kusan rabi da rabi. William Buehler da abokan aikinsa ne suka gano halinsa a wajajen 1960 a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka. Halin nasa shi ne yana riƙe siffar da aka ba shi tun farko: a murɗe shi yana sanyi, da zarar ya ji ɗumi sai ya koma yadda yake. Shi ya sa ake saƙa shi kamar ɗan raga, a matse shi cikin siririn bututu, a tura cikin jijiyar jinin da ta ƙuntata, musamman ta ƙafa ko ta wuya, idan aka sake shi a ɗumin jiki na digiri 37 sai ya buɗe ya tokare bangon jijiyar. Likitocin haƙori ma suna amfani da wayarsa wajen jera haƙora, saboda tana ja a hankali ba tare da ta saki ba har tsawon makonni.

Amma akwai wanda ya yi kama da naka ta fuskar zubi. Wani nau'in na'urar tazarar haihuwa da ake sanyawa a mahaifa, Nova-T, wayar jan ƙarfe ce aka naɗa masa, a tsakiyar wayar kuma akwai zaren azurfa. Jan ƙarfen ne yake aikin, yana kuma cinyewa sannu a hankali, ita kuwa azurfar tana riƙe wayar kada ta gutsuttsure kafin wa'adin cirewa. Ni wannan ya fi burge ni a kan nitinol, domin ƙarfe ɗaya an sa shi ne don ya ƙare, ɗayan kuma don ya tsaya. Batun magungunan ciwon daji masu ɗauke da ƙarfe iri biyu a ƙwayar sinadari guda, wanda ake yawan rubutu a kansa, mafi yawansa bai fita daga ɗakin bincike ba tukuna. Sisfilatin, maganin ciwon dajin da aka amince da shi a Amurka tun 1978, filatinom ne kaɗai ƙarfen da ke cikinsa.

Ma'aikacin Matata ya amsa:

Zan ƙara kashi na uku a kan bayanin Malama, wanda ido ba ya gani. A matatar mai ana bi da fetur ɗin da aka fara tacewa daga ɗanyen mai ta kan wasu ƙwayoyi masu hanzarta haɗuwar sinadarai domin inganta shi, kuma da farko filatinom kaɗai ake shafa musu. Matsalar ita ce baƙin gawayi yana lulluɓe shi ya kashe ƙarfinsa, har sai da kamfanin Chevron ya fito da haɗin filatinom da reniyom a ƙarshen shekarun 1960, wanda yake jure wannan dattin ya daɗe yana aiki kafin a tsayar da injin. Wani lokacin ma da gangan ake sa ƙarfe na biyu don ya rage wa na farko kaifi: Herbert Lindlar na kamfanin Roche ya zuba dalma a kan faladiyom domin aikin ya tsaya a rabin hanya, kuma da wannan dabarar aka samu sauƙin haɗa bitamin A a masana'anta.

Mai Haɗa Sola daga Maraɗi ya amsa:

Malam Mai Guga, misali mafi kusa yana aljihunmu a nan Nijar, wato tsabar dala ɗari (sefa 500) mai zobe da ciki kala biyu, kamar yadda naira ɗaya da naira biyu na 2007 suke a wajenku. An yi haka ne don a wahalar da masu buga jabu. Sai dai ina so in ja hankalinka, tunda da waya kake aiki, cewa ba kowane ƙarfe biyu ne suke zaman lafiya ba. Idan jan ƙarfe ya taɓa alminiyom kuma danshi ya shiga tsakaninsu, sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyom ɗin ya riƙa cinyewa yana yin farin gari, mahaɗar ta saki ta fara zafi. Na taɓa murɗe su kai tsaye a wani aiki don in rage kuɗi, damina ɗaya ta isa na koma na tarar da robar wayar ta narke. Tun daga ranar nake sayen kan waya na musamman, mai bututun alminiyom da bakin jan ƙarfe waɗanda aka haɗa tun a masana'anta ba tare da ƙofar da ruwa zai shiga ba, in kuma shafa man hana tsatsa a cikin bututun kafin in matse.