Wace kalmar Hausa za mu ba wa “gatekeeping”?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina shirya wani shirin rediyo a kan matasan Kano da wasan gem, sai na ci karo da kalmar nan ta Turanci, gatekeeping. Ba na son in furta ta haka ɗanya a iska, tunda da yawa cikin masu sauraro iyaye ne. Ga abin da ake nufi. Mutum ya daɗe a wata harka, sai ya naɗa kansa alƙalin wanda ya isa a kira shi ɗan harkar da wanda bai isa ba. Ka ce kana buga gem, ya ce wanne? Ka ce Free Fire a waya, ya yi dariya ya ce wannan ai na yara ne da masu ƙaramar waya. Ka ce to kana buga ƙwallo a PlayStation, ya ce tun yaushe, ka san lokacin da ake ce masa Winning Eleven? Kowace amsa ka ba shi, akwai wata tambayar tana jiranka. Na kuma ga irin halin a wasu shagunan kayan gem da na waya, inda yaron shago zai yi maka jarrabawa kafin ya ɗauko maka abin da ka zo saya da kuɗinka. Ina neman kalma gajeriya wadda za a iya cewa “ya yi mini kaza”, a kuma ce “ɗan kaza ne”. Bismillah.

Mai gidan gem a Hotoro:
Wa'alaikumus salam. Yallaɓai, ai ni da wannan nake kwana nake tashi. Ni dai babakere nake ce masa. Manyan yara za su zo bayan la'asar su kama babban allo da hannun buga gem mai lafiya, dokar wurin kuma wanda aka ci shi ne zai tashi. To ƙaramin yaro yaushe zai koya? Kafin ya gane maɓallin fasin an zura masa huɗu, an yi masa ihu, ya koma tsayuwa a baya. Ga kuma rigimar da ba ta ƙarewa a kan gem ɗin ƙwallo tsakanin 'yan PES da 'yan FIFA, kowa na cewa na ɗaya ɓangaren ba ƙwallo yake bugawa ba. Abin dariyar, sunayen ma duk an canza su. Kamfanin Konami ya mai da PES eFootball tun 2021, kamfanin EA kuma ya rabu da sunan FIFA a 2023 ya koma FC. Amma ka zo ka ce “a sa mana FC”, sai su kalli juna su ce sabon shiga ne. Idan babakere bai yi maka ba, ga kane-kane.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, maigida. Abin da ka ba da labari a kan allo da hannu, wannan babakere ne sosai, don akwai abin da ake rububi, wani ya danne. Haka ake babakere a kwangila ko a kujera. Amma wanda nake nufi ba ya rasa komai idan ni na kwanta a ɗakina ina buga nawa a waya. Sunan kawai yake hana ni. Kane-kane ma haka, ya fi dacewa da wanda ya shiga wuri ya ƙi fita.

Malamin aikin jarida:
Bari in ɗan kawo asalin kalmar, ko zai taimaka. Ba a gidan gem aka haife ta ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Kurt Lewin, Bajamushen da ya koma Amurka, shi ya yi amfani da ita a 1943 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana binciken yadda abinci yake isa gaban iyali. Ya lura cewa uwargida ce take yanke abin da za a saya da abin da za a dafa, wato ita ce a bakin ƙofa. A 1950 sai David Manning White ya ɗauko tunanin ya kawo shi aikin jarida. Ya bibiyi wani edita na mako guda, ya ga kusan kashi ɗaya cikin goma na labaran da suka zo masa kaɗai yake bari su shiga jarida, sauran ya ajiye, wani lokacin don kawai labarin bai kwanta masa ba. Mu a aji muna cewa tsaron ƙofa, ko tace labarai. Tacewa kuma kowa ya san ta a nan, ga Hukumar Tace Fina-finai ta jiha tun 2001. Don haka ni zan ce a bar shi a tsaron ƙofa, an riga an saba.

Ɗalibi ɗan PUBG:
Allah ya gafarta Malam, in ka ce tsaron ƙofa a gidan gem, wallahi gola za a ɗauka kake nufi. Mai tsaron gida, mai tsaron raga, mai tsaron ƙofa, duk ɗaya za a ji su. Ni shawarata a ce masa sarkin ƙofa kawai, ya dace da Kano ma. Kuma abin ba a nan kaɗai yake ba. A 2019 da gem ɗin Sekiro ya fito, an yi ta cacar baki a duniya a kan ko ya kamata a sa masa matakin sauƙi. Masu lalurar hannu da waɗanda ba su da lokacin zama suna roƙo, tsofaffin hannu suna cewa in ba za ka iya ba ka bar mana abinmu. Su masu raina 'yan waya kuma sun manta kusan rabin kuɗin da harkar gem take samu a duniya daga waya yake fitowa. Mu 'yan PUBG ma, gaskiya, muna yi wa 'yan Free Fire, duk da cewa duka biyun gem ɗin harbe-harbe ne, don mu mutum 100 ake zubawa a fili su 50, kuma nasu an yi shi ne yadda ƙaramar waya za ta ɗauka.

Dattijo daga cikin gari:
'Ya'yana, ni ban san gem ba, jikana ne ya karanto mini zancenku, na ce ya rubuta mini amsa. Kada ku taɓa sarkin ƙofa. Wannan sarauta ce, naɗa mutum ake yi. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa. Kowace ƙofa, Na'isa ce ko Mazugal ko Kansakali ko Ɗan Agundi, tana da sarkinta. Dare ya yi ya rufe, gari ya waye ya buɗe, ya san fataken da suka shigo da inda za su sauka. In wani abu ya faru shi za a tambaya. Ku je Gidan Makama ku ga irin ƙyauren da ake magana. Mutumin da ya riƙe amanar gari guda ba za a ɗauki sunansa a liƙa wa yaron da yake hana ɗan'uwansa wasa ba. Shi wannan wa ya naɗa shi? A fada ma, mai neman ganin Sarki iso ake yi masa, aikin na bakin ƙofa ya shigar da mutum ne cikin ladabi. Ku nemi wata.

Ɗalibi ɗan PUBG:
Tuba nake, Baba. Na janye.

Malamin aikin jarida:
Baba ya taɓo inda matsalar take, har da tawa kalmar. Edita ma ɗaukarsa aiki aka yi, kuma shafin jarida yana da iyaka, dole wani ya zaɓa. Tsaro a kunnen Bahaushe abin kirki ne, ana biyan mai gadi albashi a kansa. Turawa sun haɗa ma'ana biyu a kalma ɗaya, ta mai hurumi da ta mai shisshigi. Mu babu abin da ya tilasta mana mu bi su a haka.

Wata 'yar'uwa mai buga gem:
Ni fa ina ganin kalmar tana bakinmu tun tuni. Na taɓa shiga wani shago sayen hannun PlayStation 4. Na yi sallama, yaron shagon yana danna waya, ko ɗagowa bai yi ba. Da ya ga dama ya ce, “Hajiya, na ƙaninki ne ko na maigida?” Na ce nawa ne. Sai ya gyara zama, ya ce wane gem nake bugawa, in faɗa masa maɓallin da ake harbi da shi, abokinsa na gefe yana ƙunshe dariya. Na ce a gwada mini hannun in ga ko sandarsa ba ta ja gefe, ya ce in na iya in gwada da kaina. Na fito ban saya ba. Da nake ba ƙawata labari, abin da ya fito daga bakina shi ne, “Yaron nan ya tare ƙofa kamar gadon gidansu.” Ban yi tunanin fassara ba a lokacin, haushi ne ya kawo ta. Don haka ina ba da shawarar tare-ƙofa. Mai tsaro an sa shi ne, mai tarewa kuwa shi ya sa kansa, ya baje a hanya.

Kuma don Allah a shirin a faɗi cewa mata sun fi shan wannan. In kika buɗe murya a cikin wasa na intanet aka ji mace ce, an fara ke nan, ko a ce wani ne yake buga miki, ko a koma neman lambarki. Shi ya sa da yawanmu muke kashe makirfo mu sa sunan maza. A Amurka a 2014 an yi abin da aka kira Gamergate, inda aka yi wa mata masu ƙirƙirar gem da masu sharhi a kansa taron dangi da barazanar kisa, har wasu suka bar gidajensu. Namu bai kai can ba, amma tushen ɗaya ne, wai wurin ba namu ba ne.

Wani mai shagon waya:
Hajiya, a yi haƙuri, a madadin 'yan kasuwa. Wannan yaron bai samu tarbiyyar kasuwa ba. Mu da muka taso a gaban iyayen gida, abin da aka fara koya mana shi ne ko mutum ya yi maka tayin banza, “albarka” za ka ce, ba ka da wata magana bayan ita. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma bari in faɗi abin da ke jawo wani abin, ba don in wanke su ba. Yara da yawa a shagunan nan ba su da albashi, abin da suka ɗora a kan kaya shi ne nasu. Sai su koyi auna mutum tun daga bakin ƙofa, su kalli takalminsa da wayar hannunsa su yanke ko zai saya. Ga masu zuwa a kwance musu kwali, su ɗauki hoto, su ce za su dawo. Ga farashi da yake bin dala, ka faɗa wa mutum kuɗi yau, jibi ya dawo ya ce kai ɓarawo ne. Yaro mara haƙuri sai ya sauke a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma sau da yawa awon nasu ƙarya yake yi, mai silifas ɗin ne zai ciro kuɗin babbar waya a aljihun gaba.

Abin da nake so in ce wa mai tambaya, kada a haɗe komai a kalma ɗaya. Ƙin amsa sallama, shan ƙamshi, jefo wa mutum canji, ce masa “ba za ka iya saya ba”, waɗannan sunansu wulaƙanci da raini, ba sa buƙatar sabon suna. Jarrabawar da aka yi wa Hajiya ita ce daban, don ya nuna mata ne cewa ba ta cikin 'yan harkar. Wannan na yarda a ce masa tare-ƙofa. Ɗan kasuwar da yake tare ƙofar shagonsa kuwa, ni ban san me ya fito yi ba.

Mai tambaya:
Alhaji, wannan rarrabewar ta yi mini amfani, da na cakuɗa su a shirin. Bari in gwada kalmar Hajiya a jimla mu ji. “Ka daina yi wa yara tare-ƙofa.” “Rabu da shi, ɗan tare-ƙofa ne.” “'Yan tare-ƙofa sun hana mata sakewa a harkar gem.” Har a wajen gem tana tafiya: “Tsofaffin marubuta suna yi wa sababbi tare-ƙofa.” Duk sun zauna a bakina. Na duba rowa da ƙyashi da hana ruwa gudu da wasu suka turo mini ta gefe. Rowar sani wani yanki ne kawai na abin, ƙyashi shi ne dalilin da ke cikin zuciya, hana ruwa gudu kuma ya fi kama da mai kawo cikas ga aiki. Gajartar ma tana da muhimmanci. Mun ga yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa ta sha fama da kwamfuta a bakin mutane, alhali manhaja ta zauna lafiya. Ni dai na ɗauki tare-ƙofa ga mai shisshigi, a bar wa su Malam tacewa da tsaron ƙofa a aji.

Malamin aikin jarida:
Na amince, da sharaɗi ɗaya a rubutu. In suna ce a sa mata karan ɗori, tare-ƙofa, kamar kama-karya da faɗi-tashi. In aiki ne a raba, “ya tare ƙofa”. Dalili shi ne ba ma nuna karin sauti a rubutunmu na yau da kullum, kuma tare tana da 'yan'uwa, akwai ta “mu tafi tare”, akwai ta amarya da ta tare a gidan miji. Karan shi zai hana mai karatu tuntuɓe. A rediyo babu wannan damuwar, murya za ta raba su. Mace kuma 'yar tare-ƙofa, don su ma akwai su, Hajiya ta yi haƙuri.

Wata 'yar'uwa mai buga gem:
Akwai su mana, Malam, je ka rukunin masu girki ka ce da kafi-zabo kake miyar kuka ka gani.

Mai gidan gem a Hotoro:
To ni har yanzu babakere ya fi yi mini daɗi a baki, amma an rinjaye ni. Akwai allon da na rubuta “Ba bashi, ba zagi, ba caca” a jikin bango, gobe zan sa a ƙara “ba tare-ƙofa” a ƙasa. Ƙaramin allon kusa da ƙofa kuma zan ware wa 'yan koyo daga azahar zuwa la'asar, kafin manyan su taso daga makaranta. Yallaɓai, wace rana za a sa shirin, kuma ƙarfe nawa?